Fis Ba Ya Ƙonewa Banza

Duk ɗalibin da ya saba hawa motar haya idan an yi hutu ya san dalilin da ya sa ake rububin kujerar gaba. Wani zai ce don iska, wani ya ce don miƙe ƙafa, amma gaskiyar magana yawancinmu wajen caji muke hari. Ka fito daga hostal wayarka na nuna kashi 9, saboda kwana biyu ba a kawo wuta ba, kana zama sai ka ce, "Direba, don Allah a ɗan sa mini caji." Kafin a fita gari wayoyi huɗu sun yi layi a kan dashbod, kowa na jiran a zo kansa.

Mu fasinjoji ke nan. Shi kuwa direba, wannan ɗan ramin kusan shi ne ofishinsa. Ta waya masu ba da saƙo suke nemansa, ta waya yake ganin alat idan fasinja ya ce ya tura kuɗi, ta waya abokan sana'arsa da suka riga shi wucewa suke gaya masa halin da hanya take ciki. Idan dare ya yi masa a tsakanin Zariya da Kaduna kuma, ta waya iyalinsa suke jin muryarsa su samu barci.

Na san wannan ne saboda yayana direba ne, yana jigila tsakanin Kano da Kaduna. Motar 'yar Kwatano ce, ta sha duniya kafin ta zo hannunsa, kuma har yanzu ba ta gama zama tasa ba, duk ƙarshen wata yana kai wani abu ga mai ita. Tun da mahaifinmu ya yi ritaya, daga cikin motar nan ake cefane, daga cikinta aka biya mini rajista shekara biyu, daga cikinta kuma kuɗin firojet ɗina na wannan samista ya fito. Don haka idan motar ta yi tari, gidanmu gaba ɗaya ne yake mura.

A tsakiyar samistar da ta wuce ya kira ni da wayar wani yaron mota.

"Injiniya, kana ina?"

"Ina makaranta, Yaya."

"To ranar Asabar ka same ni a tasha da sassafe. Wajen cajin nan ya mutu. Caja uku na saya, duk a banza. Shekara biyu ina biya maka karatun lantarki, bari dai mu ga amfaninsa."

Cikin raha ya faɗa, amma duk wanda wani yake biya wa karatu ya san nauyin irin wannan raha. Ranar Juma'a da daddare na saka 'yar mitata ta gwaji a jaka, wadda na saya lokacin da na yi wata huɗu na SIWES, na haɗa da sukudireba da ƙaramar filaya.

Kafin in ci gaba, bari in ce wani abu game da soket ɗin kansa, don ba kowa ya san tarihinsa ba. Ba don caji aka ƙera shi ba. Tun wajen shekarun 1920 aka fara saka shi a motoci a Amurka don masu shan taba su riƙa kunna sigari, shi ya sa har yau direbobi suke ce masa wajen laita. Daga baya ne aka ga ai ga wuta a kusa da hannu, aka fara cusa masa caja, da famfon taya, da fanka. Ginin cikinsa mai sauƙi ne. Akwai ɗan ƙarfe a can tsakiyar gindin ramin, shi ne yake kawo wuta daga batir. Bangon ramin kuma a haɗe yake da jikin mota, ta nan wutar take komawa. Abin da ya raba su 'yar tazara ce kawai. Duk wani ƙarfe da ya faɗa ciki ya taɓa tsakiya ya taɓa bango a lokaci guda, to ya haɗa wayoyin biyu ke nan kai tsaye. Wannan shi ne abin da masu wayarin suke cewa ta yi shot.

Na isa tasha bayan sallar asuba kaɗan. Motoci uku ne a gaban Yaya a layin lodi, ya ce muna da kamar awa ɗaya kafin a zo kansa.

Malaminmu na firaktikal yana da wata magana da yake maimaitawa har mun gaji da ji: ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Don haka ban taɓa sukudireba ba tukuna. Na ɗauki cajojin nan uku na je motar da take bayanmu, na roƙi direban ya bari in gwada. Duka ukun suka kawo wuta. Ke nan ba su da laifi. Na dawo na ce wa Yaya ya murɗa makulli zuwa mataki na farko, inda rediyo yake kamawa, saboda a motoci da yawa soket ɗin ba ya samun wuta sai makulli yana wurin. Rediyo ya kama, fitilun dashbod suka kawo. Na ɗora jan bakin mita a tsakiyar ramin a hankali, baƙin kuma a jikin wani kusa da ba shi da fenti. Sifili. Ya kamata in ga bolt 12 da ɗan wani abu. Na haska ramin da tocilan ɗin waya, ban ga komai ba sai ƙura da ɓawon gyaɗa da suka taru a gindinsa.

Idan batir lafiya, caja lafiya, amma wuta ba ta isowa, to a hanya ta tsaya. Kuma a kan hanyar nan wurin da aka fi zargi shi ne fis.

Yawancin motoci suna da akwatin fis biyu, ɗaya a ƙarƙashin bonet kusa da batir, ɗaya a cikin mota, sau da yawa a ƙasan sitiyari wajen gwiwar direba. Na cikin shi ne ya fi ɗaukar ƙananan kaya irin su rediyo da soket. Na kwanta rigingine a kan tabarmar ƙafa, ƙafafuna a waje, na ɓalle murfin. A bayan murfin akwai zane da yake nuna kowane fis da aikinsa. Rubutun ya kusa gogewa, amma na gano wanda aka rubuta wa CIG, da lamba 15 a gefensa. A wasu motocin za ka ga an rubuta ACC, ko an zana hoton sigari.

Irin fis ɗin nan mai ƙafa biyu da jikin roba mai launi, wani kamfanin Amurka mai suna Littelfuse ne ya fito da shi a 1976, yanzu kusan kowace mota shi take amfani da shi. Launin ba ado ba ne, shi yake gaya maka ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, mai haske kamar gilas 25, kore 30. Ana kuma buga lambar a samansa. A cikin robar akwai ɗan siririn ƙarfe da ya haɗa ƙafafun biyu. An auna kaurinsa yadda idan wutar da take bi ta cikinsa ta wuce ƙima, zai yi zafi ya narke, hanya ta yanke. Aikinsa ke nan duka. An saka shi a mota ne da niyyar ya lalace.

Na sa Yaya ya kashe makulli, na zaro shi da filaya, na ɗaga shi sama ta wajen haske. Siririn ƙarfen ya rabu biyu, kuma cikin robar ya yi baƙi kamar an hura masa hayaƙi. Na ɗora bakunan mita a ƙafafunsa don in tabbatar, ba ta yi ƙara ba. Ya ƙone.

"Ai na sani," in ji Yaya. "Shekaranjiya a hanya na sa aka canja shi. Ina murɗa makulli ya sake tafiya. Fis ɗin yanzu duk jabu ne."

Wannan magana ita ce ta fi komai muhimmanci a ranar, ko da yake shi bai ɗauke ta a bakin komai ba. Fis da ya daɗe yana ɗaukar kaya fiye da ƙarfinsa kaɗan, a hankali yake narkewa, yakan ɗauki lokaci. Wanda ya tafi nan take da murɗa makulli, ya bar baƙin tabo, yawanci wuta ce mai yawa ta bi ta kansa a lokaci guda. Kuma lissafin a fili yake. Bolt 12 sau amfiya 15 ya ba ka wat 180, iyakar abin da soket ɗin zai ɗauka ke nan. Cajar waya kuwa da wuya ta wuce wat 20, wato ko amfiya 2 ba ta ja. Ko wayoyi huɗu ka jona ba za su ƙona fis mai 15 ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai inda waya ta haɗe, kuma har lokacin a haɗe take.

Ina cikin yi wa Yaya wannan bayani sai mota ta farko ta cika ta tashi. Ya dubi agogo, ya aika yaron mota ya kira mai wayarin na tashar.

Dattijo ne, zai yi sa'an mahaifinmu, hannunsa duk tabon ƙuna da baƙin mai. Kowa Baba yake ce masa. Na gaishe shi, ya amsa, ya karɓi fis ɗin ya juya shi sau ɗaya. Bai ko kalli zanen murfin ba, ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari ya taɓa ramin da fis ɗin ya fito daidai, kamar mai laluben aljihunsa. Sai ya zaro guntun waya daga aljihu, ya feɗe ta da haƙori, ya ware sili biyu na jan ƙarfe.

"Bari in ɗaure maka shi ka tafi lodinka. Ko kuma in sa maka kore, shi ba ya saurin tafiya."

"Yauwa Baba, yi mini ko wanne," in ji Yaya.

A nan ne abin ya yi mini nauyi. Ga yayana da yake ciyar da ni, ga dattijon da ya fara wannan aiki tun ba a haife ni ba, ga direbobi biyu sun matso suna kallo. A tarbiyyar gidanmu yaro ba ya gyara wa babba magana a cikin mutane. Amma motar nan ita ce duk abin da muke da shi, kuma nan da awa ɗaya mutum shida za su shiga cikinta.

Na ce, "Baba, don Allah a yi mini haƙuri, ina da 'yar magana. Ina ganin ba fis ɗin ne matsalar ba. Idan aka ɗaure shi, abin da ya ƙona shi yana nan, sai dai ya nemi wani wurin ya ƙona."

Ya dube ni, ya dubi Yaya. "Wannan ne ɗan bokon naka?"

"Shi ne. Injiniya, ka ga layi yana tafiya fa."

Abin da nake so in faɗa musu, wanda ban iya tsarawa da kyau a lokacin ba saboda bakina yana rawa, shi ne wannan. Mutane suna ɗauka fis yana kare caja ne ko rediyo. A'a, wayar da take bayansa yake karewa. An zaɓi kaurin wayar soket daidai da amfiya 15, sai aka sa mata mai gadi da zai faɗi kafin ita ta yi zafi. Idan ka sa mai 30, wayar ba ta ƙara kauri ba, ka dai ba wuta izini ta ninka. Kuma tun farkon shekarun 1840 James Joule ya nuna cewa idan wutar da take bin waya ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa sau huɗu yake ninkawa. Ɗaurin sili kuwa ya fi wannan muni, don ba wanda ya san a amfiya nawa zai narke. Zai iya tafiya a 20, zai iya riƙewa har ya wuce 50, ya danganta da kaurin silin da yadda aka naɗa shi. Batirin mota kuma ba abin wasa ba ne. Mutane suna raina shi don ba ya jan mutum, amma shi ne yake ba sitata ɗaruruwan amfiya ta juya inji. Dokar Ohm da muka haddace tun ajin farko ta isa: idan turjiyar hanyar da ta haɗe kashi ɗaya cikin goma na om ce, bolt 12 zai tura amfiya 120. Wayar da aka yi don 15 za ta zama kamar hitar dafa ruwa, robar jikinta ta narke, ga ta a dunƙule da sauran wayoyi a bayan dashbod, kusa da soso da kafet da roba. Mutum yana tuƙi a tsakiyar daji sai dai ya ji ƙauri.

Ban tsaya dogon lissafi ba. Na ce a ba ni minti biyar. Na sa aka murɗa makulli, na gwada ramukan fis ɗin biyu, na gano wanda yake da wuta da wanda ba shi da ita. Marar wutar shi ne ɓangaren da ya tafi soket. Aka kashe makulli, na juya mita zuwa wajen gwada haɗuwa, na ɗora baki ɗaya a wannan rami, ɗayan a jikin mota. Ta fashe da ƙara ba tsayawa, lambar kusan sifili.

"Baba, kun ji. Wayar soket a haɗe take da bodi."

Bai ce komai ba. Ina jin bai yarda da 'yar mitar tawa ba, don ya tashi ya tafi rumfarsa. Yaya ya juya mini baya. Mota ta biyu ta tashi.

Sai ga Baba ya dawo da wani abu da ban taɓa gani a wokshop ɗin makaranta ba: ƙwan sigina na mota, an yi masa sodar wayoyi biyu, kowace da ɗan faffaɗan baki. Ya cusa bakunan a ramukan fis ɗin, ya ce a murɗa makulli. Ƙwan ya kama fes, da cikakken haske, alhali ba a jona komai a soket ba.

"Yaron nan da gaskiyarsa," ya ce. "Akwai inda ta haɗe."

Sai da na koma makaranta na zauna na yi lissafin dabarar, na ga kyanta. Ƙwan sigina wat 21 ne, ba zai bar abin da ya wuce kamar amfiya 2 ya bi ta hanyar ba, komai munin haɗewar. Ke nan ya zama fis da ba ya ƙonewa, kuma yana gaya maka halin da ake ciki da haskensa. Muddin yana ci sosai, wayar a haɗe take. Lokacin da ya mutu, ka taɓa wurin. Ba ka asarar fis ko ɗaya wajen gwaji, ba ka kuma buƙatar wanda zai riƙe maka mita.

Saura a gano inda ta haɗe: a cikin soket ɗin ne, ko a wani wuri a tsawon wayar inda ƙarfe ya goge mata roba? Na biyun shi ne abin tsoro, don sai an kwance rabin dashbod. Baba ya ɓalle robar da take kewaye da giya da yatsu biyu, ya zura hannu ta baya, ya zare filogin da yake shiga bayan soket ɗin. Ƙwan ya mutu nan take. Ya mayar, ya kama. Ya sake zarewa, ya mutu. Abin da zai ɗauke ni awa guda ina neman inda kusoshi suke, ya yi shi a minti biyu. Wayar lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin ramin.

Muka kashe makulli, muka bar filogin a zare. Na karɓi tsinken tsire a wajen mai shayi, don ba a sa ƙarfe a wannan rami, na fara tono ƙurar da ɓawon gyaɗa. Can sai tsinken ya ci karo da wani abu mai motsi. Na jawo shi a hankali: ɗan murfin ƙarfe ne, bai kai ƙwayar wake ba, da guntun sifirin a maƙale da shi. Bakin caja ne. Yaya ya karɓa ya juya shi a tafin hannunsa, sai ya tuna da wata caja da ya saya a hannun masu talla a go-sulo, wadda bakinta ya kwance a makon da ya wuce, ya jefar da ita. Ashe kan ya zauna a ciki, ya kwanta a karkace, gefe ɗaya a tsakiya, gefe ɗaya a bango, ƙura ta rufe shi.

Baba ya mayar da filogi, aka murɗa makulli, ƙwan bai kama ba. Hanya ta gyaru.

A daidai lokacin aka kira lambar Yaya. Fis ba ya hannu, robar giya a ɓalle. Ya ɗaga wa ɗan kamasho hannu ya ce a ba na bayansa. Duk wanda ya san tasha ya san abin da wannan yake nufi: ya koma ƙarshen layi, kuma da wuya ya yi sawu biyu a ranar. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba.

Wajen sabon fis ma sai da aka ɗan tsaya. Maganar Yaya cewa akwai jabu ba ƙarya ba ce, sai dai jabun da ya fi haɗari shi ne wanda ba ya ƙonewa a lokacin da ya kamata, an buga masa 15 amma ƙarfen cikinsa ya fi haka kauri. Baba ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara cike da fis da ya ciro daga motocin da aka yanka a Ƙofar Ruwa, ya ce ya fi yarda da waɗannan, don da su motocin suka zo daga kamfani. Ya zaɓo shuɗi mai 15, mai girma daidai da wanda ya fita, don akwai manya akwai ƙanana, kuma ba sa shiga ramin juna. Na gwada shi da mita, ta yi ƙara. Na danna shi har ya zauna. Da makulli kawai soket ya nuna bolt 12.4, da aka tayar da inji ya hau 14.1, alamar cewa na'urar cajin batir ma tana aikinta. Aka jona caja, wayar Yaya ta yi ƙyafta ta fara sha.

Kuɗin fis ɗin bai kai na farantin shinkafa da wake a kafteriya ba. Na sa Yaya ya ƙara sayen guda uku, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, muka manna su da salatif a cikin murfin akwatin.

Ba zan ce Yaya ya ji daɗin ranar ba. Sawu ɗaya ya yi, kuma ƙarshen wata ya matso. Babu kuma wata hujja da zan nuna masa cewa da an ɗaure fis ɗin motar za ta kama da wuta. Wataƙila silin ya narke kawai, wataƙila a ji ƙauri a kashe makulli da wuri. Wannan ita ce wahalar aikin rigakafi: idan ka yi shi daidai, babu abin da yake faruwa, kuma ba a yi wa mutum godiya a kan abin da bai faru ba. Abin da na sani shi ne, bayan kwana biyu Umma ta gaya mini ya shigo gida da ɗan murfin ƙarfen nan a aljihu yana nuna wa mahaifinmu.

Ba na kuma so wani ya karanta wannan ya ce masu wayarin ba su san aiki ba. Baba ya san haɗarin ɗaurin sili sarai, shi da kansa ya ba ni labarin motocin da ya ga wayarinsu ya narke. Yana ɗaurewa ne saboda direba yana tsaye a kansa yana kallon agogo, kuma idan ya ce a jira, za a tafi wajen wani da zai ɗaure. Gaggawar mai kaya ce take koya wa mai gyara yanke hanya.

Mu ma a nan makaranta ba mu tsira ba. Ku duba filogin da yake ɗakinku yau da daddare. Filogi mai baki uku da muke amfani da shi yana da ɗan fis a ciki, mafi girmansa amfiya 13. A wutar gida mai bolt 230, wannan kusan wat 3,000 ne. Yanzu ku lissafa abin da muke ɗora wa ekstenshin guda idan an kawo wuta ƙarfe ɗayan dare: hita a bokiti, risho na lantarki, dutsen guga, da wayoyi goma. Idan fis ɗin ya tafi, ba mai tambayar me ya sa. Sai wani ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari, ko a cire filogin gaba ɗaya a cusa tsirarar waya da tsinken ashana. A ɗakin da mutum takwas suke kwana, da katifun soso, da labule, da takardun shaidar karatu a ƙarƙashin gado, da ƙarfe a taga. Abin takaici, sau da yawa mu 'yan sashen lantarki ake kira mu yi wannan ɗaurin, don an ce mu ne muka iya.

Don haka ga abin da zan bar wa duk wanda wata rana zai tsinci kansa a gaban soket da ya mutu, a motar gida ko ta aiki. Ka gwada cajar a wata mota tukuna. Ka tabbatar makulli yana inda ya kamata. Ka nemo fis ɗin ta zanen murfi, ka zare shi makulli a kashe. Idan ya ƙone, ka haska ramin ka share shi da abin da ba ƙarfe ba kafin ka sa sabo. Ka sa mai launi ɗaya da lamba ɗaya da wanda ya fita. Idan sabon ya sake tafiya, ka tsaya nan, kada ka sa na uku, kada ka hau sama da lambar, kada ka bari a ɗaure. Ka zare shi ka bar ramin haka, mota za ta yi tafiyarta ba tare da soket ba har ka samu wanda zai bi wayar. Waya marar caji ta fi mota marar dashbod.

Da zan bar tashar, na je rumfar Baba in yi masa sallama, in kuma ba shi haƙuri idan maganata ta yi tsauri a gaban mutane. Ya ce ba komai. Ya tambaye ni yaushe zan gama, na ce saura wata uku. Ya ce idan na gama in zo da 'yar mitar nan tawa, yana da yara huɗu da suke koyon aiki, hannunsu ya faɗa amma ba wanda ya iya karanta lambobinta. In koya musu lissafin, shi kuma ya nuna mini inda wayoyi suke bi a tsofaffin motoci, wanda babu shi a handawut ɗin kowa. Na ce masa in sha Allahu ranar Litinin ɗin farko bayan jarrabawa ina nan tafe.